Abin da Likita Ta Ce

Litinin, 7 ga Oktoba

Sakamakon gwajin Baba ya fito. Ciwon daji ne, a hanji.

Na rubuta, na zauna ina kallon kalmar. Tun rana ban faɗe ta da Hausa ba. Ko da na kira Yaya Nathan, da Turanci na gaya masa, kamar hakan zai rage mata zafi.

Likitar mace ce, 'yar Kudu, Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina ciwo" ba. Nas ɗin da ke yi mata fassara ta leƙo, ni da bakina na ce ta bari, ai ni malamar Turanci ce. Ji iyayi. Baba ma har da gyara zama yana nuna ni da haɓa, wai a san 'yarsa ce.

Likita ta ce a yadda suka gani abin bai bazu ba tukuna. Idan aka yi aiki cikin watan nan, akwai kyakkyawan fata. Idan aka ja shi har Kirsimeti, ba za ta iya yin alkawarin komai ba. Ta tsaya tana jira in juya masa. Baba ya ce, "Mamana, me ta ce?" Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, Damaris, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba.

Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ta ce ɗan ƙari ne a ciki. Za su ba ka magani, daga baya a sake dubawa."

Ya ce to, mun gode Allah. Ya ce wa likita "tankiyu". Ita kuwa ta dube shi da mamakin ƙarfin halinsa, har da dafa masa kafaɗa.

A cikin keke daga asibiti zuwa gida a unguwar Romi yana ta ba ni labarin cittar bana. Ban ji ko ɗaya ba.

Talata, 8 ga Oktoba

Yaya Nathan ya zo daga Rido bayan ya tashi aiki. Muka tsaya bayan tankin ruwa muna raɗa kamar ɓarayi. Ya ce na yi daidai, kada in kuskura in faɗa. A gidanmu ba a kai wa babba mugun labari a buɗe, kuma ba yaro ke kaiwa ba, balle mace. Lokacin da Mama ta rasu a nan Kaduna, abin da aka aika wa Baba ƙauye shi ne "jikin ya tsananta, ka zo". Sai da ya iso dattawa suka tare shi a ƙofa.

Ya kuma tuna mini da Kawu Albert, kamar na manta. Ranar da Kawu ya ji sunan ciwonsa ya juya wa bango fuska, ya daina ci, bai ƙara tashi ba. Ina ƙarama amma ina tuna kwanukan abincin da ake fitarwa a rufe yadda aka shiga da su.

Na ce to aikin fa, ai sai da yardarsa za a yi. Yaya ya ce a bar masa, zai san yadda zai lallaɓa shi. "A bar mini." Haka ya ce kan fankar falo tun bara, har yau tana nan ba ta juyawa.

Laraba, 9 ga Oktoba

Duk cikin darussan duniya, a tsarin zangon nan abin da ya faɗo wa 'yan aji uku makon nan shi ne direct da indirect speech. Wato maganar mutum yadda ta fito daga bakinsa, da kuma ba da labarin abin da ya ce. Na koyar da shi ya fi a ƙirga, ido rufe ma zan iya.

Na rubuta a allo: Kevin said, "I am hungry." Aji ya kwashe da dariya, don Kevin kullum cikin yunwa yake. Na nuna musu yadda ake cire 'yan kunnuwan nan biyu da ke riƙe da maganar, "I" ya koma "he", "am" ya ja da baya ya zama "was". Kevin said that he was hungry. Yau ta koma ranar nan, gobe ta koma washegari. Suna ta kwafa, ina jin kaina kamar mutum na ɗan lokaci.

Sai Nafisa ta ɗaga hannu. Yarinyar nan ba ta taɓa barin darasi ya wuce lafiya ba. Ta ce, "Anti, to idan mutum ya faɗi abu marar daɗi, mai ba da labari zai iya gyara masa?"

Na ce a'a. Na ce lokaci ake canzawa da wakilin suna, amma abin da mutum ya ce nasa ne, ba naka ba. Da ƙarfi ma na faɗa, ina buga allo da alli. Ina gama faɗa na juya musu baya na yi ta goge allon da babu komai a kai.

Alhamis, 10 ga Oktoba

Baba ya bar rabin tuwonsa. Ya ce miyar ta yi yaji. Ban sa yaji ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Na tarar da shi a tsakar gida da ƙusa da dutse, yana ƙara wa bel ɗinsa huda. Ya ce masu yin bel na yanzu ba su san aiki ba, fata sai miƙewa. Na yi dariya don ya yi. Na shiga banɗaki na kunna famfo.

Ubangiji, ina jin tsoro. Tsoron in faɗa, tsoron in ƙi faɗa. Ban san wanne ya fi ba.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Baƙon mai wa'azi muka yi a coci, da Turanci ya yi, wani daga cikin mawaƙa yana juyawa zuwa Hausa. Tun daga farko na ga Baba yana girgiza kai. Shi fa shekara da shekaru ya yi yana fassara wa'azi a ƙauye, daga Hausa zuwa yarenmu. Ina ƙarama na ɗauka shi ne faston, don idan Fasto ya ɗaga hannu shi ma ya ɗaga, idan ya ce "ni na gani da idona", Baba ma ya ce shi ya gani da idonsa.

A hanyar gida ya fara. Wai mutumin yana ta "ya ce, ya ce" kamar mai kawo gulma. "Mai fassara ba ya cewa ya ce. Bakinka ka ara wa mutum, shi ke nan." Ya ƙara da cewa rabin wa'azin ma ya zubar a hanya. Na ce Baba, yaushe ka fara jin Turanci da za ka san ya zubar? Ya ce ba sai ya ji ba. Mai wa'azi ya yi doguwar tafiya, shi ya yi taku biyu ya tsaya, ai ko kurma ya ga an rage.

Ya faɗa yana kallon masu gasa masara a bakin titi, ba ni yake kallo ba. Duk da haka na yi ta satar kallonsa har gida, ban ga komai a fuskarsa ba.

Talata, 15 ga Oktoba

Zai tafi.

Na dawo daga makaranta na tarar ya wanke kayansa da kansa ya shanya. Ya ce ranar Asabar zai koma gida. Citta ta nuna, kuma in ba ya tsaye a kai, 'yan ƙwadago sassara ta za su yi da fartanya su lalata masa wahalar shekara. "Tunda magani ne kawai, a can ma ana sha. Bayan Kirsimeti na dawo su sake dubawa."

Bayan Kirsimeti. Na zauna a kan bokiti.

Na kira Yaya. Ya ce in ce masa likita ta hana tafiya. Na koma na faɗa. Baba ya yi dariya ya ce, "A kan ɗan ƙari? Mamana, na yi noma da karyayyen hannu." Me zan ce? Ni na ƙanƙanta abin da bakina, yanzu ina so ya ji tsoronsa. Na sake kiran Yaya, ya ce zai nemi wani dattijo daga ƙauye ya zo ya yi masa magana. Na ce yaushe? Ya ce a bar masa. Saura kaɗan in jefar da wayar cikin tanki.

Laraba, 16 ga Oktoba

Na shiga aji ba shiri. Ina neman misali, hannuna ya rubuta abin da ya ga dama: She said, "My father is strong." Na koma ƙasa don in juya shi. She said that her father... Alli ya tsaya. Na san kalmar da ke biye, haruffa uku ne, na koya musu ita makon jiya. Na kasa sa mahaifina a abin da ya wuce, ko da a allo ne. Na miƙa wa Jessica allin na ce ta ƙarasa, na tsaya a taga. Kevin ya yi tari, na balbale shi da faɗa, yaron bai yi komai ba.

An kira daga asibiti. Sun sa sunan Baba ranar Litinin ta ƙarshen wata, amma sai ya zo gobe likita ta yi masa bayanin aikin ya amince. Na ce wa Baba za mu je karɓo maganin tafiya ne. Ƙarya ta biyu, ko ta uku, na daina lissafi.

Yaya ya ce gobe yana aikin safe, ba zai samu zuwa ba. Dama.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Ban san ta inda zan fara ba.

Muna zama Baba ya ce in gaya wa likita yana godiya, jibi zai tafi gida, sai bayan Kirsimeti. Na so in haɗiye maganar, amma ya yi ta nuna hanya da hannu yana cewa "Kirsimeti", ita ma ta ji. Ta ajiye biro. Ta tambaye ni ko ya fahimci abin da ta faɗa wancan karon. Na ce e. Sai ta juya gare shi ta yi magana mai tsawo, a hankali, tana kallon cikin idonsa. Ta kira sunan ciwon sau biyu. Ta zana hanji a takarda ta kewaye wurin.

Ta gama. Baba ya dube ni. Na ce, "Ta ce gara ka ɗan ƙara kwana biyu."

Ya ɗaga hannu, irin yadda yake tsayar da mu muna yara idan mun fara kame-kame. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya ce, "Mamana, tashi." Na tashi. Ya ce, "Koma can kusa da ita ki tsaya. Za mu yi yadda ake yi a coci. Ta faɗi ɗaya, ki faɗi ɗaya. Ban da ta ce."

Na ce Baba, bari in kira nas ɗin. Ya ce a'a, ni yake so.

Na zagaya tebur na tsaya gefen likita. Na roƙe ta ta maimaita, jimla ɗaya-ɗaya. Ta dube ni, na ga ta gane komai. Ta fara.

Na ce, "Baba, kana da ciwon daji." Da bakina, da Hausa, ina kallonsa. Na ce, "Yana cikin hanjinka. Ina ganin bai bazu ba tukuna. Ina so in yi maka aiki in cire shi cikin watan nan. Idan ka tafi gida har Kirsimeti, ba zan iya yi maka alkawarin komai ba."

Yana gyaɗa kai bayan kowace jimla kamar mai karɓar saƙo. Hularsa na kan gwiwarsa, ya yi ta juya ta. Can ya yi tambaya, kuma ita ma dole ta bi ta bakina. Na juya ga likita na ce, "Am I going to die?" Ta amsa, na juya masa: "Ban sani ba. Amma idan ka ba ni dama yanzu, ina da kyakkyawan fata."

Ya ce zai yi tunani. Bai sa hannu ba.

A cikin keke bai yi maganar citta ba. Muna isa gida ya shiga ɗaki ya kwanta, fuskarsa a bango.

Juma'a, 18 ga Oktoba

Bai ci ba. Shayin safe na nan yadda na ajiye.

Yaya ya zo kamar zai cinye ni. Wai ni mai ilimi, na fi kowa sani, na karya abin da iyaye da kakanni suka bari. "In wani abu ya same shi, ke ce." Na ce ina dattijon da ka ce za ka kawo? Na ce masa abubuwa da yawa da bai kamata ƙanwa ta faɗa wa yayanta ba. Bayan ya tafi na ga ai maganarsa na nan zaune a ƙirjina, ba ta bi shi ba.

Asabar, 19 ga Oktoba

Bai tafi ba. Jakarsa na bakin ƙofa a ɗaure. Ruwa kawai ya sha.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Na fito da kwanon abincinsa a rufe yadda na shiga da shi. A tsakar gida na tsaya da shi a hannu, na ga kwanukan Kawu Albert. Ban je coci ba, shi ma bai tambaya ba. Duk bayan ɗan lokaci in leƙa in ga ko bayansa na motsi. Yesu, in ni na kashe shi fa? Da na bar shi ya tafi, ko ba komai da ya haƙa cittarsa cikin farin ciki.

A'a. Ban sani ba. Ban sani ba.

Litinin, 21 ga Oktoba

Ban so zuwa makaranta ba, amma akwai gwajin 'yan aji uku. Na ba su jimla goma su juya, na zauna ina kallon waya. Ana tashi na fito da gudu, jakata ma a ofis na manta ta.

Tun daga bakin get na ji muryarsa. Yana zaune a kan benci da waya a kunne, yana yi wa Bitrus ɗan ƙaninsa ihu: a fara ta gefen rafi, kada a haƙa da rana tsaka, wanda ya sassare citta a sallame shi. Sai na ji ya ce, "Ba zan zo ba. Ciwon daji gare ni, za a yi mini aiki. E, haka na ce. Ka faɗa wa kowa haka."

Na tsaya riƙe da get. Ya gama ya dube ni ya ce gidan nan ba a dafa fate ne? Na dafa, da yakuwa da gyaɗa, ina sauri har na ƙone yatsa. Ya ci kusan rabi. Ya ce gishiri bai ji ba.

Yana wanke hannu ya ce, ba tare da na tambaya ba, Albert ba sunan ciwo ne ya kwantar da shi ba. A bakin wata maƙwabciya ya ji, bayan kowa ya daɗe da sani, har yara. "Ya ga duk mun mai da shi jariri. Ina cikin waɗanda suka ɓoye masa." Ya yarfe hannu. Ya ce gobe in raka shi ya sa hannu, kuma in kira Nathan ya zo, yana da magana da shi.

Na so in ce ya yafe mini. Ya riga ya koma kan maganar gishiri.

Lahadi, 27 ga Oktoba

Gobe ne. Na goge masa riga uku, ban san don me ba, kayan asibiti za su sa masa.

Talata, 29 ga Oktoba

An yi. Ya farka tun jiya da yamma, da robobi a hanci da hannu, ya yi ƙanƙani a kan gadon.

Da safe likita ta zo zagaye. Yaya na tsaye a ƙafar gado, tun ranar da Baba ya yi magana da shi ya rage baki. Ta ce sun cire abin duka. Ta ce amma ta ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a kusa da ba ta yarda da su ba, ta aika a gwada, in ciwon ya kai can to akwai wani magani mai wahala a gaba. Yaya ya ƙifta mini ido, ya ɗan girgiza kai.

Na ga dai ina tsaye a gefenta. Ban tuna lokacin da na zagaya ba. Na ce, "Na cire shi duka. Amma na ga wasu ƙulle-ƙulle da ban yarda da su ba." Har ƙarshe, ɗaya bayan ɗaya, har da maganin mai wahala.

Baba ya lumshe ido ya buɗe. Muryarsa ba ta fita sosai, sai da na sunkuya. Ya ce, "Wannan fassarar ta zo da tsawonta."

Sakamakon sai mako mai zuwa. Ina jin tsoro, ba abin da ya canza. Na fita bakin asibiti wajen mai shinkafa da wake don in sayo wa Yaya, na zauna a bencinta na cinye faranti biyu. Wataƙila don ban karya ba ne.